Taki Biyu

Yayana Alƙasim shi ne makaɗin gita na garinmu, Tama. Da wuya a yi biki daga nan zuwa Madawa ko Bangi ba a aiko masa da goro ba, wani lokaci har daga Keita. Idan zai tafi, yakan rataya gita a baya, ya ɗaure amfili, akwatin da ke ƙara wa gita murya, a kan tankin moto, wato babur, sannan ya gicciye katakon fedojinsa a bayan sirdi.

Fedojin nan ƙananan akwatuna ne na ƙarfe. A ƙasa ake ajiye su, makaɗi ya taka da ƙafa, muryar gita ta sauya. Bakwai gare shi, duk a kafe a jikin katako ɗaya da ya fi kamu biyu tsawo. Mahamud, ɗan kawunmu, wanda ke buga masa ganga, shi ya raɗa wa katakon suna Ƙyaure.

"Ɗakin wa ka ɓalle kuma yau?" Haka yake tambayarsa duk ranar tafiya.

"Naka na. Ba ka da mata, mi kaka rufewa?"

"Ran da nis samu, kai za ka yi kiɗin, da Ƙyaurenka da komi."

"Samo wadda ta yarda tukun. In ka samu, ko da ƙafa guda sai na yi."

Ina tsaye da tsintsiya ranar da ya faɗi haka. Dukanmu muka yi dariya, har Inna daga madafa.

Bara, lokacin cirar albasa, suna dawowa daga Bangi da hantsi, kowa da motonsa. Wani kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, ya zo wucewa inda hanya ta matse. Yaya ya kauce iyakar kaucewa, jikinsa ya fita, moto ya fita, amma kan Ƙyaure bai fita ba. Mahamud yana baya, a kan idonsa aka yi. A asibiti aka yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, ƙafar da yake taka fedoji da ita.

Wata takwas gita na rataye a ɗakinsa cikin tsohon zanen Inna. Shi kuwa yana ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, sandunansa biyu a jingine, yana kallon kaji. Ƙaramar salularsa ta tsira daga haɗarin. Ya miƙo mini ita, ya ce duk wanda ya kira in ce yana barci. Ni kuma nakan bar ta ta yi ta kuka a cikin kwano har ta gaji.

Bayan an gama yankan hatsi sai ga Mahamud da ƙullin goro. Ya ajiye shi a cinyar Yaya, ya zauna a turmi.

"Na samu wadda ta yarda," in ji shi. "Mansura, ɗiyar mai injin niƙa. Saura sati ukku."

"Allah shi ba ta haƙuri."

"Amin. Kai kuma Allah shi ba ka tuni. Ko da ƙafa guda, kac ce. Hamdiya na nan, ta ji. Ko ba ki ji ba, Hamdiya?"

Na sunkuyar da kai ina tsince wake. Na ɗauka Yaya zai jefe shi da sanda. Wani ne ya faɗi haka, da an daina gaisawa, amma Mahamud taubashinsa ne, bakinsa ba shi da shamaki a gidanmu. Da na saci kallonsa sai na ga idanunsa sun yi ja, duk da yana murmushi.

Yaya ya daɗe yana juya goron a hannu.

"Ni yi," ya ce a ƙarshe. "Amma ka ji sharaɗi. In kiɗin ya fito yadda nis san shi, in ci gaba. In bai fito ba, ka ɗauki gitar ga ka kai ma Ilyasu na Keita. Ya daɗe shina roƙo. Ba ni zama abin kallo ana ba ni sadakar tafi."

"Na ji."

"Ba wasa nika yi ba."

"Na ce na ji, gurgu."

Washegari ya sa na fito da buhun da aka zuba abin da aka tsinto a hanyar Bangi. Fedoji biyu sun niƙe, biyar na da rai. Na jera masa su a tabarma, ya zauna a kujerar roba yana dubansu kamar awakin da za a zaɓi na kaiwa kasuwa.

"Kin san wani abu?" ya ce. "Cikin bakwai ɗin nan, ukku kaɗai nika takawa. Sauran don idon mutane na. In an ga fitilu ja da kore sai a ce wanga ya iya."

Ya nuna ja da sanda. "Mai gurnani." Ya nuna fara. "Mai amsawa." Ita ce ke maimaita abin da gita ta faɗa, kamar in ka yi kira a bakin dutse. Sannan ya ɗauki ta ukun da hannu biyu. Baƙa ce, doguwa kamar takalmi, ba danna ta ake yi sau ɗaya ba, lilo ake yi da ita tsakanin dunduniya da yatsu. Ita ce ke sa gita ta buɗe baki ta rufe kamar mutum mai kuka, shi ya sa yake kiran ta Mai kuka. Da ita yake kaɗa waƙarsa da kowa ya san shi da ita, wadda ya sa wa suna Ba Saƙo. Don babanmu ya yi ta, wanda ya tafi cin rani arewa ina goye, har yau ba labari.

Ya gyara zama, ya kafa dunduniyar hagu a yashi, ya ja yatsunsa daga dama zuwa hagu ba tare da ya ɗaga ta ba. Wani ɗan layi mai siffar baka ya fito a ƙasa.

"Iyakata ke nan. Abin da yaw wuce nan ba nawa ba na."

Ya sunkuya ya buɗe hannunsa a kan zanen, babban yatsa a nan, na tsakiya a can, ya sake. Taƙi biyu. Ya auna daga gaba zuwa baya, taƙi ɗaya.

"Taƙi biyu tsawo, taƙi guda faɗi. Shi ɗauki ukkun ga, shi shiga jaka, kada shi leƙo ko'ina. Kira Ɗanasabe ki gaya mishi. Shi ya san yadda nika son gangaren."

Ɗanasabe kafinta ne a Madawa, bayan tasha, shi ya yi Ƙyaure. Tun haɗarin ya kira ya fi sau goma Yaya bai amsa ba.

Na shiga ɗaki da salula. Na nemo sunansa, na ɗora yatsa a kan koren maɓalli, na ɗauke. Na ji muryarsa a kaina, babba, da ƙarar zarto da mutane a bayansa, zai ce wace ce, zai ce ƙara murya ba na ji. Sai na ce bari in rubuta. Na yi shekara huɗu a lakwal, makarantar boko, hannuna ya iya abin da bakina ke jin nauyinsa. Na rubuta gaisuwa, na rubuta awo, na ce daga Alƙasim na Tama. Na karanta sau biyu, na ga daidai. Kafin la'asar amsa ta zo: an gama, kada ya damu da komai.

"Kin kira?" Yaya ya tambaye ni.

"Ya ce an gama."

Kwanakin da suka biyo baya, gita ta sauko daga bango. Muka jona ƙaramin amfili da batirin sola. Ja da fara ba su ba shi wahala ba, ƙafar hagu ta koyi danna su cikin kwana uku. Mai kuka ce ta ƙi. Ƙafar takan yi sauri inda ake son jinkiri, ta tsaya inda ake son ta tafi, fedar kuma tana zamewa a kan tabarma. Wani lokaci ina ganin dungun ƙafar dama yana motsi a cikin wando, shi yana yin daidai, a iska.

"In katako ya zo ta daina gudu," yake cewa. "Sauran sai a hankali."

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, taksin Madawa ya tsaya a ƙofar gidanmu da azahar. Direba ya hau sama ya kwance igiya, ya sauko da wani abu a naɗe cikin kwali, sai da maƙwabcinmu ya kama masa. Da ƙyar ya shiga zaure. Aka kwantar da shi a tsakar gida, maƙwabta suka biyo baya.

Katako ne mai kyau, an goge shi, an lulluɓe samansa da baƙin kafet, an buga ƙusoshi masu kan zinariya a gefe. Ya fi Ƙyaure tsawo, ya ninka shi faɗi. Mutum zai iya kwanciya a kai in ya naɗe ƙafa.

Mahamud ne ya fara magana. "Wanga kam ba ƙyaure ba na, gado na. Ango ya gode."

Babu wanda ya yi dariya. Yaya ya miƙo hannu, na ba shi salula. Karon farko ke nan da ya kira wani tun haɗarin. Ya buɗe murya kowa na ji.

"Alƙasim! Kai na? Alhamdu lillahi! Ya iso? Ka gani? Ban bari kowa ya taɓa shi ba, da hannuna niy yi."

"Ɗanasabe, mi na wanga?"

"Abin da kac ce. Taki biyu tsawo, taki guda faɗi. Na taka da ƙafata cikin shago, har na ƙara kaɗan. Nic ce lalle so kaka kujera ta hau bisa, kai da fedoji wuri guda."

"Taki?"

"Awo. Ga shi nan rubuce. Taki biyu."

A baki, taƙi da taki ba su haɗu ba, ko yaro ya san na hannu daban, na ƙafa daban. Amma salular nan harafin ka ɗaya gare ta, ba ta da mai lanƙwasa. Ban taɓa lura ba sai a lokacin.

"Taki biyu," Yaya ya maimaita a hankali. Ya dubi katakon, ya dubi wandonsa da aka naɗe aka soke da allura. "Ni da ko guda ban iyawa."

"Alƙasim? Ban yi daidai ba?"

"Ka yi daidai. Na gode." Ya kashe.

Bai dube ni ba. Ya ɗauki sandunansa ya shiga ɗaki, ya saki labule. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya. Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Cewa yay yi ki kira."

"I, Inna."

Ta juya ta koma madafa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe, bayan na kai wa awaki ruwa, na aro zarto wurin maƙwabcinmu. Na ja katakon zuwa bayan rumbu. Na buɗe hannuna a kansa, ɗaya, biyu, na ja layi da gawayi. Ban taɓa riƙe zarto ba. Kafet ɗin ya yi ta cin haƙoransa, sai da na fara tsaga shi da wuƙa. Kafin rana ta take, tafin hannuna ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe, amma guntun ya faɗo. Bakinsa a karkace, kamar an gatsa.

Na kai ƙofar ɗakinsa na yi sallama.

"Yaya, ni ta nir rubuta. Ban kira ba. Ka yi haƙuri."

Can ya ɗaga labule da sanda. Ya dubi guntun, ya dubi hannuna. Ya karɓa, ya buɗe nasa hannun a kai. Ɗaya. Na biyun bai cika ba, yatsansa ya wuce baki ya tsaya a iska.

"Da hannun wa kika auna?"

Na duba hannuna. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin haɗarin, har yana riƙe ƙofa.

"Jiya na raƙumi, yau na kaza! Hamdiya, ke kam sai Allah."

"Akwai saura da yawa. Bari in yanko wani."

"Da wane hannun? Zauna tukun. Kawo su mu gani."

Muka fito ƙarƙashin dogon yaro. Ja da fara suka zauna a kan guntun daram, kamar don su aka yi. Mai kuka ba ta samu wuri ba. Na ajiye ta a tabarma kusa da gwiwata, wayarta a jone. Ya fara kaɗa Ba Saƙo don ya gwada biyun. Ina zaune ina jiran ya gama in koma bayan rumbu. Da ya iso inda gita ke fara kuka, ban san lokacin da na ɗora hannu a kan fedar ba. Na danna gaba, na dawo da ita baya. Tun ina 'yar shekara tara nake jin waƙar nan ta bango, na san inda take jan numfashi.

Bai tsaya ba. Ya rufe ido ya ci gaba, ni ma na ci gaba. A madafa na ji Inna ta daina daka. Da muka kai ƙarshe ya bar igiyar ta mutu da kanta, ya daɗe bai buɗe ido ba.

"Shi na," ya ce. "Haka shike."

Ya sa muka sake har sau huɗu. Sannan ya jawo guntun da ƙafa ya gyara masa zama.

"Kada ki yanko wani. Wanga ya isa. Hagu ta riƙe biyu, ke ki zama dama. Gobe in sa a shimfiɗa miki tabarma nan gefena." Ya dube ni sosai. "Kina iyawa? Gaban mutane na fa. In ba ki iyawa ki faɗi yanzu, a yanko babba, in lallaɓa da hagu."

Ina jin daɗin da ban taɓa ji ba, ga shi yana kallona kamar yadda yake kallon Mahamud in kiɗi ya yi kyau.

"Ina iyawa," na ce.

Ya kafe ja da fara da kansa. Guntun ya shiga jakar lakwal ɗina ta da, har da sauran wuri.

Ranar Asabar bayan la'asar aka kafa rumfa a filin ƙofar gidan kawu. An kawo gurup, injin wuta, daga Madawa yana ta ruri a bayan katanga, an ɗora bafil biyu, manyan akwatunan lasifika, a kan tebur. Ban taɓa ganin taro irin wannan a unguwar ba. Labari ya bazu cewa Alƙasim zai yi kiɗi, mutane suka zo daga ƙauyukan fadama, wasu a amalanken jaki, wasu a ƙafa. Mata a hagu, maza a dama, yara a kan katanga.

Aka zaunar da shi a kujera a tsakiya. Guntun katako a gaban ƙafarsa ta hagu. A damansa, inda ƙafar ba ta kaiwa, Mai kuka na zaune a bakin wata ƙaramar tabarma sabuwa. Mahamud ya naɗe hannun babbar rigarsa ya rungumi ganga, tsofaffi suna ta faɗa wai ango ba ya kiɗa a bikinsa, ya ce to a kawo wanda ya fi shi.

Na tsaya a gaban layin mata, jikin sandar rumfa. Mun shirya sai Ba Saƙo ta zo zan fito.

Waƙoƙi uku na farko sun tafi lafiya. Da fari mutane ƙafarsa suke kallo, ba hannunsa ba, amma da Mai gurnani ta shiga, samari suka fito fili, ƙura ta tashi, mata suka yi guɗa. Na ga gumi a goshinsa, na ga yana cije leɓe kamar da.

Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Ba Saƙo!" Wasu suka karɓa. Fili ya lafa, masu rawa suka koma gefe.

Yaya ya kaɗa mabuɗin waƙar, ya juyo ya dube ni, ya yi nuni da haɓa wajen tabarmar.

Duk wanda ke wurin ya bi idonsa. Ɗaruruwan fuskoki suka juyo. Wata mata a bayana ta ce, "Wa shika kira? Ɗiyar ga?" Wata ta ce, "Mi za ta yi cikin maza?" Wani saurayi ya ɗaga salula ya saita ni. Na ji mayafina ya yi nauyi, na ji bororon hannuna yana bugawa. Na ce wa ƙafata ta tafi. Ba ta tafi ba.

Ya sake mabuɗin daga farko. Mahamud ya sassauta ganga, ya ce da ƙarfi cikin wasa, "Taho mana, ƙanwar ango, ba a cizo!" Aka yi dariya. Dariyar ta ƙara ɗaure ni a jikin sandar.

Ya sake na uku. Wannan karon bai yi nuni ba, kallona kawai yake. Ba fushi a fuskarsa. Na sunkuyar da kai, na ga tabarmar, na ga fedar, na ga ƙafafuna biyu a cikin takalman biki.

Ya shiga waƙar.

Da ya iso wurin kukan, ya miƙa ƙafar hagu ta tsallake guntun katakon tana neman Mai kuka. Kujerar ta karkata, Mahamud ya saki ganga ya tare ta da hannu ɗaya. Yatsun ƙafar suka taɓo gefen fedar, ta juya ta kife a yashi. Yaya ya janye ƙafarsa ya mayar da ita inda take. Ya kaɗa wurin haka nan, igiya tsirara, kowane sauti daidai, amma babu sautin da ya buɗe baki ya yi kuka. A cikin wandon da aka soke da allura, dungun yana lilo gaba da baya har waƙar ta ƙare. Na san ba ni kaɗai na gani ba.

Aka yi tafi mai yawa, mai tsawo. Wasu mata suna share ido. Wani tsoho ya zo ya dafa kansa ya ce, "Sannu, ɗana, ka yi ƙoƙari." Yaya ya ce na gode. Ya zare waya daga jikin gita, ya naɗe ta a hannu a hankali kamar yadda ya saba.

Kafin magariba muka koma gida a amalanken kawu. Yana rungume da gita, ni ina riƙe da jaka. Mun wuce masallaci, mun wuce injin niƙa, sai da muka hango dogon yaronmu sannan na kira shi.

"Yaya."

"Bari, Hamdiya."

"Na ce ina iyawa."

"Na sani. Ni ma wata takwas ina ɓoye ma idon mutane, ni da nis saba da shi. Bai kamata in aza miki ba." Ya gyara zanen da ke kan gitar. "Ba don ke ba na."

Na so ya yi mini tsawa. Na ce akwai wani biki a Bangi bayan sati biyu, na ji ana faɗi, zan zauna tun kafin mutane su taru, ba sai na taka a gabansu ba. Na ce zan yanko babba, da awon hannunsa. Ya saurare ni har na gama.

"Kin ji tafin da sunka yi?" ya ce. "Wancan na marar lafiya na."

Washegari da hantsi Inna ta aike ni gidan kawu in karɓo kwanoninmu. Ana kwance rumfa. Ramin sandar da na jingina da ita yana nan, sawun ƙafafun kujera huɗu suna nan, da shacin tabarma a yashi. Babu mai kallona. Na tsaya a bakin ramin na taka. Ɗaya. Biyu. Ina kan shacin.

Bayan kwana bakwai Mahamud ya zo da moto. Bai yi wasa ba ranar. Ya ce a ƙara tunani, Yaya ya ce sharaɗi sharaɗi ne. Aka naɗe gita a zanen Inna, aka sa ja da fara da sauran biyun a buhu, aka ɗaure amfili a kan tanki. Komai ya zauna tsaf, babu abin da ya leƙo gefe. Da Mahamud ya miƙa hannu zai ɗauki Mai kuka, Yaya ya ce, "Bar wagga. Ta Hamdiya ta."

Ragowar babban katakon yanzu shi ne ƙofar garken awakinmu. Guntun kuwa Yaya ya cire masa kafet, a kansa yake jera kofunan shayi a ƙarƙashin dogon yaro. Uku yake ɗauka da buta. Ya koyi gyaran rediyo da fitilun sola, mutane na kawo masa, yana hira da su, wani lokaci har ya yi dariya.

Mai kuka na cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. In gida ba kowa nakan fito da ita in ɗora hannu, gaba, baya, daidai inda waƙar ke jan numfashi. Ba gita, ba waya. Ƙarfen ne kawai ke ɗan ƙara, saboda yashin da ya shige ta ranar bikin bai gama fita ba.